Ƙarar ƙafar gaba wajen shan kwana: a saurara kafin a sayi kaya

Mota tana tafiya miƙe lafiya lau, amma da ka karya sitiyari za ka shiga lungu sai ƙas-ƙas-ƙas daga ƙafar gaba. Irin wannan ba ta yankewa a garejina, galibi Starlet da Corolla da Carina, motocin da tayoyin gaba ne ke jan su. Abin da ke ba ni haushi, mai mota ya zo da shakazoba sabuwa a leda, wai wani a tasha ya ce ita ce. Nakan ce, Alhaji ajiye ledar nan tukuna, mu ji bakin motar.

Fara da abin da ba ya cin ko dala: notocin taya. Sa sifana ka gwada kowanne. Mai faci yakan ɗaure da gaggawa, kuma taya mai sako-sako tana ƙwanƙwasa a kwana.

In notoci lafiya, nemi fili mai tauri, ba yashi ba, don yashi yana haɗiye ƙara. Sauke gilasai, kashe rediyo, murɗe sitiyari har ƙarshe zuwa hagu, sa giya ɗaya ka yi ta zagaye a hankali kana ɗan taka totur. Ka yi haka ta dama, sannan ka maimaita da baya-baya, don a nan ƙarar ta fi fitowa. In ƙas-ƙas ɗin a jere take, tana ƙara sauri yadda taya ke ƙara gudu, kuma ta ɗauke da ka miƙe sitiyari, to kan kardan ne na wajen taya, kardan kuwa shi ne sandar da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa taya. Ka sa yaro ya tsaya a gefe ya faɗa maka ƙafar da ke kukan; daga kujerar direba kunne yana ruɗin mutum.

Yanzu tsaya, bar sitiyarin a murɗe, ka durƙusa ka leƙa bayan tayar. Akwai baƙar roba mai ninki-ninki da ta rufe kan kardan, sufle. Buɗa ninkin da yatsa, don tsagar a can ciki take ɓuya. In ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim da jikin shakazoba, ƙura ta manne masa ya yi dunƙule, magana ta ƙare. A cikin kan nan ƙwallayen ƙarfe ne, galibi shida, suna gudu a cikin hanyoyinsu, giris ne ransu. Zafin Maradi yana busar da robar ta tsage, giris ya fita, yashin unguwanni irin Zariya da Ali Ɗan Sofo ya shiga, da damina kuma ruwa ya bi. Yashi da giris in sun haɗu, dutsen wasa wuƙa ne, cin ƙarfen suke yi. Mai zuwa kasuwannin ƙauye ta hanyar burji ya fi kowa shan wannan.

Amma ba kowace ƙara ce kardan ba. In gwaf ɗaya ce tak lokacin da ka karya ko ka faɗa rami, ɗaga motar da jak, ka tokare ta da ƙarfen tsayawa ko kututture mai ƙarfi, kada ka sa ko hannu a ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza: in tana wasa, rotil na ƙasa ne, wato gaɓar ƙarfe mai kai kamar ƙwallo da ke riƙe ƙafar motar daga ƙasa, ko rulma, wato boris ɗin da taya ke juyawa a kai. Kama ta gefe da gefe: in tana wasa, rotil na sandar sitiyari ne. Rulma kuma ba ƙwanƙwasa take ba, gurnani take yi a kan kwalta, ya ƙaru ko ya ragu in ka karkata. In mota a tsaye take, kana murɗa sitiyari kana jin tau kamar sifirin ya maƙale ya kuɓuce, ɗora tafin hannu a saman shakazoba cikin bonet wani ya murɗa, in ka ji bugun a hannunka, matsalar a saman shakazoban take.

Rotil na ƙasa ba a yi masa "sai an yi albashi". Kan kardan in ya mutu, inji zai yi ta kuka mota ta ƙi motsi. Rotil in ya tsinke, ƙafar ce za ta kwanta, kuma ba fata ake ba, yana iya zama kana gudu a hanyar Ɗan Isa.

Gyara kuwa, in sufle ya tsage amma ƙara ba ta fara ba, ka yi sa'a. A cire kan, a wanke shi tas da fetur, ya bushe, a cika shi da baƙin giris na kardan, ba ruwan ɗorawar nan na rulma ba, a sa sabon sufle a matse shi da maɗaurinsa na ƙarfe. Ɗaurin da ake yi da tsinken tib ko waya, ni ba na yi. In ƙara ta riga ta fara, giris zai rage ta na ɗan lokaci ne kawai, ƙarfen da ya ci ba ya dawowa, sai canji.

Za ka sayo kan kardan, tafi da tsohon a hannu. A ƙirga haƙoransa na ciki da na waje, a duba ko yana da zoben ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, don Corolla biyu masu kama ɗaya sukan bambanta a nan. Na hannu ɗan Kwatano mai kyau yakan fi sabo mai arha daɗewa, amma ka juya shi a hannunka ta kowace fuska, in yana kakarewa ko yana wasa ka mayar. In sandar kardan gaba ɗaya aka zare, man giya yakan zuba, a duba a cika. Babban notin tsakiyar taya a ɗaure shi yadda ya kamata a kulle bakinsa. In kuma rotil na sitiyari aka canza, kai motar a daidaita ƙafafun gaba tun ranar, in ba haka ba za ta cinye maka taya ta gefe ɗaya.