Yadda za ka nemo zaman masu barin giya, ka kuma daure ka shiga

Ranar farko da na je irin wannan zama sai da na wuce ƙofar har sau uku ina yi kamar waya nake amsawa, tafin hannuna duk gumi, ina ta tunanin to idan na shiga na tarar da wanda ya san ni fa? Da na shiga ashe kujeru ne kawai aka jera a zagaye, mutum tara ko goma, wani dattijo ya nuna min kujera ya ce sannu da zuwa, shi ke nan, ba wanda ya tambaye ni ɗan waye ni ko kwalba nawa nake sha. Shi ya sa nake son duk wanda abin nan ya kama ya san yadda ake yi.

Amma kafin komai, don Allah idan ka jima kana sha kullum kuma da yawa, kar ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jiki ya riga ya saba, cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai iya fara karkarwa, ga gumi ga amai, wani har farfaɗiya, bayan kwana 2 ko 3 kuma wani yakan rikice yana ganin abin da babu, kuma wannan yana iya kisa. Ka ga likita tukuna. Mutanen zaman nan ba likitoci ba ne, ƴan'uwanka ne da suka sha irin wahalar da kake sha.

Ƙungiyar da aka fi sani ita ce Alcoholics Anonymous, AA a taƙaice, tun 1935 aka fara ta a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka gano cewa mashayi ya fi jin maganar mashayi ɗan'uwansa. Sharaɗin shiga ɗaya ne tal, kana son ka daina sha. Ba kuɗin rajista, ba fom, akan zagaya da kwando wanda ya ga dama ya saka, in ba ka da shi ka miƙa wa na gaba. Ka rubuta sunan ƙungiyar da na garinku a Google, ko ka sauke manhajar Meeting Guide, ko ka tambayi likita ko nas a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. In babu a kusa da kai akwai na Zoom dare da rana, kana iya kashe kyamara ka yi ta saurare. Ka dai kira lambar da aka saka kafin ka fita, wani lokaci an canja rana ba a gyara ba.

Ka duba ko zaman buɗaɗɗe ne ko rufaffe. Buɗaɗɗe kowa na iya zuwa, kana iya tafiya da matarka ko abokinka ya raka ka, rufaffe kuwa sai masu matsalar kawai. Yawanci awa ɗaya ne. Sunan farko kaɗai ake faɗa, kuma abin da ka ji a ɗakin a nan za ka bar shi. Idan zagaye ya zo kanka ba ka shirya ba ka ce yau saurare na zo yi, ba mai ganin laifinka. Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi, kowa labarin kansa yake bayarwa, kuma wallahi nan ne abin yake shiga jiki, ka ji wani da ba ka taɓa gani ba yana faɗin inda yake ɓoye kwalba da irin ƙaryar da yake yi a gida, sak naka.

Tsarin AA matakai 12 ne kuma akwai maganar miƙa lamari ga Allah yadda kowa ya fahimce shi. Wasu wannan yana kwanta musu, wasu a'a. Akwai SMART Recovery da aka kafa a 1994, su sun fi koyar da dabarun shawo kan sha'awar da gyara tunani. Iyali kuma akwai Al-Anon tun 1951, don su ma suna jin jiki.

Ni shawarata kar ka yanke hukunci da zama ɗaya, ka gwada wurare daban-daban kamar sau shida, don kowane zama da yanayinsa. Ka zo da wuri minti goma, in an tashi kar ka yi wuf ka fice, a nan ake musayar lamba, a nan kuma za ka samu wanda ya daɗe bai sha ba ya zama mai riƙe hannunka, wanda za ka kira ƙarfe biyun dare in abin ya motsa. In kuma ka zame ka sha, ka koma zama na gaba ko da kunya kamar ta kashe ka, kusan duk wanda ke zaune a ɗakin ya san wannan ranar. Ka duba jadawalin yau, ka sa ƙararrawa a wayarka awa ɗaya kafin lokacin.