Yadda Ake Ɗaukar Hoton Mujiya a Dusar Ƙanƙarar Tabuk

Da zarar sanyin Murabba'aniyya, wato kwana arba'in na tsananin hunturu a Saudiyya, ya kankama a watan Disamba, sai wayoyin mutanenmu na Makka da Jidda da Madina su cika da bidiyon Jabal al-Lauz ya yi fari fat, raƙuma na ratsa dusar ƙanƙara. Dutsen yana arewa maso yammacin birnin Tabuk, wajen iyakar Jodan, tsayinsa ya haura mita 2,500. Yawancin masu zuwa shayi suke dafawa, su ɗauki kansu a waya, su juyo. Wanda ke son ya dawo da hoton mujiya zaune a kan farin dutse kuwa, rabin aikinsa tun kafin ƙanƙarar ta sauka yake gama shi, domin ta Tabuk ba ta daɗewa. Kwana ɗaya ko biyu ne, wani lokaci kafin azahar ta narke.

Da farko ka san wadda kake nema. Farar mujiyar nan da ake yaɗa hotonta a intanet ta can ƙuryar arewacin duniya ce, su Kanada da Rasha, ba ta zuwa Saudiyya. A duwatsun arewa, biyu ne za ka fi sa rai da su. Akwai babba mai launin rairayi, mai gashi biyu a ka kamar ƙaho, da idanu ruwan lemo, wadda masana ke kira mujiyar Fir'auna. Tsawonta ya kusa rabin mita. Akwai kuma ƙarama mai rawayen ido, da kaɗan ta wuce santimita 20. Ga mai koyo, ƙaramar ta fi, saboda tana fitowa da rana, musamman da hantsi ta hau dutse tana shan rana bayan daren sanyi.

Mataki na biyu shi ne mai cin lokaci: nemo gidanta. Ka je a ranakun da babu ƙanƙara, ka bi gindin duwatsu da bakin kwaruruka da madubin hangen nesa, kana duba kogo da tsaguwar dutse. Mujiya na da wurin zama guda da take komawa kullum, kuma tana barin shaida. Za ka ga farin kashi ya zubo a jikin dutsen kamar an watsa farar ƙasa. A ƙasa kuma akwai wasu dunƙule masu launin toka, gashi ne da ƙasusuwan ɓera da ta haɗiye ta amayo. In ka murje busasshe da tsinke, har ɗan muƙamuƙin ɓeran da haƙoransa za ka gani. Ka kuma kasa kunne. In ƙananan tsuntsaye suka taru wuri guda suna tsiwa ba ƙaƙƙautawa, sau da yawa ita suka gano. In ka same ta, ka adana wurin a taswirar wayarka, ka lura ta ina rana ke faɗo masa da safe, ka yi shiru da bakinka. Wurin da aka sa a Snapchat, gobe motoci ne za su cika shi.

Na san wani zai ce, duk tsuntsayen Allah sai mujiya? Camfin da muka taso da shi a gida shi ne dai Larabawan jahiliyya ma suke da shi, kuma hadisi ingantacce ya kore shi. Ɓera da ƙwari take ci.

Sai bibiyar hasashen Cibiyar Yanayi ta Ƙasa. In ta yi gargaɗin saukar ƙanƙara a tuddan Tabuk, irin su Lauz da Alƙan, ka kama hanya tun kafin ranar. Daga Madina kusan kilomita 700 ne zuwa Tabuk, kuma dutsen na gaba sosai. Ka tafi da jif, da aboki, da iƙamarka, wato katin izinin zama, a aljihu. In jami'an tsaro sun tare hanya, ka tsaya inda suka ce, kada kuma ka juya kyamara wajen wurin sojoji. Farwa (alkyabbar sanyi) mai kauri, safar hannu da takalmin da ruwa ba ya shiga dole ne, don da asuba sanyin kan sauka ƙasa da sifili.

Kayan aiki ba su da yawa: kyamara, madubi mai jawo nesa kusa na milimita 400 zuwa 600, da ƙafar kafa kyamara. Batir kuwa ka riƙe biyu ko uku a aljihun ciki, jikin fata, domin sanyi na zuƙe shi da wuri. Wanda ya nuna ya mutu, in ya ji ɗumi yakan farfaɗo.

Yanzu saiti, inda aka fi yin asara. Kyamara an gina ta ne ta mayar da duk abin da ta gani matsakaicin toka-toka, shi ya sa in fari ya cika mata ido sai ta rage haske, ƙanƙara ta fito da dauɗa, mujiyar ta yi duhu. Ka nemi maɓalli mai alamar +/- ka ƙara haske da +1, in farin ya mamaye hoton ka kai +2, kana dubawa kada farin ya ƙone har zanen ƙanƙarar ya ɓace. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, saboda ƙanƙarar da ke inuwa shuɗi-shuɗi take fitowa, a kwamfuta za ka gyara. In tsuntsuwar na zaune, ƙiftawar kyamara ta 1/250 na daƙiƙa ta isa. In kana jiran tashinta, kada ka yi ƙasa da 1/1000, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau, hoto mai ɗan tsakuwa ya fi mai rawa. Ka sa ɗigon saiti guda ɗaya a kan idonta. In ƙanƙara na sauka, kyamara kan bar tsuntsuwar ta kama ɗigon ƙanƙarar da ke gabanta, to nan ka juya saitin da hannu.

Wajen matsawa, motarka ce maɓoyarka. Mujiya ta fi jure mota a kan mutum a tsaye, don haka ka kashe inji, ka sauke gilashi, ka ɗora madubin a kan matashi. In ta miƙe ta tsuke jiki ta zama siririya, ko ta kafe ka da ido ta daina waige-waige, ka yi kusa da yawa, ja da baya. Duk tashin da ka sa ta yi a wannan sanyin, ƙarfin da za ta yi farauta da shi da dare ka ci mata. Ban yarda da filas ba, ban yarda da kunna kukanta a waya ba, balle jefa mata ɓera don ta taso, abin da wasu ke yi a Amurka ana ta tir da su. Daga Fabrairu mujiyar Fir'auna na shirin ƙwai, in ka ga biyu a kogo ɗaya ka bar musu wurin.

Idan ka gama, kada ka shigar da kyamara mai sanyi cikin mota mai hita ko ɗakin otal haka nan. Gumi zai kwanta mata ciki da waje. Tun kana waje ka zare katin hotunan, ka sa kyamarar a leda ka ɗaure bakin, ka bar ta kamar awa ɗaya ko biyu ta ɗumama kafin ka buɗe.