Yadda za ka yi farautar barewa a wata jihar Amurka ba tare da kuɗin lasisi ya karya ka ba

A Minnesota nake zaune, amma naman barewar da iyalina ke ci duk lokacin sanyi daga Wisconsin nake kawo shi, daga gonar wani tsohon abokin aikina a hayin kogin St. Croix. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Sai dai ina haye gada na tashi daga ɗan gida na koma baƙo. Ɗan Wisconsin dala 24 yake biya ya samu lasisin harbin barewa da bindiga. Ni kuwa na daɗe ina biyan 160, a 2023 aka mai da shi 200. Kakana maharbi ne a ƙasar Katsina, da adakarsa da warkinsa, ba na jin ya taɓa zaton jikansa zai riƙa sayen izinin shiga daji da dala. Duk da haka ina biya, ba na kuma ganin an zalunce ni, domin da kuɗin ake tsare dajin da nake shiga.

Abu na farko, ka cire rai da saukar farashi. Hukumomin kula da namun daji na jihohi da kuɗin lasisi suke gudanar da yawancin aikinsu, tare da kason da suke samu daga harajin bindiga da harsashi a ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson ta 1937. In aljihu ya yi ƙasa, ɗan majalisa ya fi son ƙara wa baƙo, tun da baƙo ba ya jefa masa ƙuri'a. Kuma tun 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a wata shari'a da ta taso daga Montana, cewa jiha na da ikon cajin baƙi fiye da 'yan gida. Saboda haka dabara ta rage gare ka.

Fara da tantance matsayinka. Wannan ya shafe mu 'yan ci-rani fiye da kowa. Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara kuwa, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, ciki har da mai lasisin farauta da bai ƙare aiki ba. Wato lasisin shi ne gaba, bindiga a baya. Sannan ka duba ko kana da hakkin farashin ɗan gida ba ka sani ba. A Minnesota, ɗalibin da ke karatu na cikakken lokaci kuma yake zaune a jihar yana iya sayen lasisi a farashin 'yan jiha, dala 34 maimakon 185.

Abin da nake roƙon ka da Allah kada ka yi shi ne aron adireshin ɗan'uwa don ka ce kai ɗan jihar ne. Na san ana raɗa wa sababbin zuwa wannan shawara. In aka kama ka akwai tara, ana iya ƙwace maka izinin farauta, kuma kusan duk jihohin sun yi yarjejeniyar mutunta dakatarwar juna. In ka ƙetara iyakar jiha da naman da aka harbo ba bisa ƙa'ida ba, maganar ta shiga hurumin dokar tarayya ta Lacey, wadda ke nan tun 1900. Mai neman takardar zama ɗan ƙasa ba ya wasa da irin wannan tabo saboda dala ɗari da 'yan kai.

Takardar horon farauta ma ka same ta tun da wuri. Wisconsin na neman ta daga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1973 zuwa yau, kuma wadda ka samu a jiharka tana aiki a can.

Yanzu ga inda ake rage asara. Ka tambayi kanka: ƙaho kake nema ko nama? Yawancin masu tururuwa zuwa Iowa manyan mazan barewa masu rassan ƙaho suke bi. A can baƙo ba ya sayen lasisi kai tsaye, sai ya cika takarda a watan Mayu zuwa farkon Yuni a yi ƙuri'a, kuma in ka haɗa duk kuɗaɗen sun haura dala 600. Masu farauta da baka kan shafe shekaru suna sayen makin fifiko, wanda ke ƙara musu damar cin ƙuri'ar, kafin ta faɗo kansu. Ni da ke da yara huɗu, ƙaho bai taɓa shiga tukunyata ba. Wisconsin tana sayar wa baƙo lasisi ba ƙuri'a, kuma a ƙananan hukumomi da dama na yankin noma lasisin yana zuwa da izinin harbin mace kyauta. In akwai saura, ƙarin izinin mace dala 20 ne ga baƙo. Babbar mace tana ba da tsoka zalla kamar kilo 20. In ka dawo da biyu, dala 200 ɗin nan ta narke cikin kilo 40 na naman da da kanka ka yi masa bisimilla lokacin harbi, ka kuma yanka in ka tarar da sauran rai. Kwatanta da farashin naman rago a shagon halal na unguwarku ka gani.

In wannan ne karonka na farko a Wisconsin, nemi rangwamen sabon mai saye, wanda ke rage wa baƙo kusan rabin kuɗin. Ana samun sa a shafin sayar da lasisi na jihar mai suna Go Wild.

Lasisi ma ba shi ne babban kashe kuɗi ba. Shekarata ta farko, kafin na samu gonar abokina, na kama ɗakin otal kwana uku, na shiga dajin gwamnati da ban taɓa takawa ba, na dawo hannu rabbana. Mai da masauki da abinci sun ci ninkin kuɗin lasisin. Tun daga nan nake zuwa duba wuri a watan Oktoba, in ga sawu da kashi da hanyar da suke bi zuwa ruwa. Lokacin bindiga a Wisconsin kwana tara ne kacal, yana farawa ranar Asabar da ke gabanin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, don haka ba ranar ɓatawa. Ku haɗu ku uku ko huɗu a mota ɗaya. Mai gona kuma ka gaishe shi da cinya guda, ka taya shi gyaran shinge da bazara, ƙofarsa za ta zauna a buɗe. Riga mai launin lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli wajibi ce, hula ma in za ka sa sai mai irin wannan launin, ka saye su bayan an rufe farauta lokacin da suke araha.

Saura maganar da ta fi yi mini ciwo, wato farfesun kai. Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ke ƙanjamar da barewa, ana taƙaita sunanta da CWD, a Wisconsin dai sai a 2002 aka fara ganin ta. Dahuwa ba ta kashe abin da ke haddasa ta. Saboda ita Minnesota ta hana shigo da barewa ɗungurungum daga wata jiha. Dole ka feɗe a can, ka raba gaɓoɓi ko ka zare tsoka, ka bar kai da ƙashin baya. Don haka ka tafi da wuƙaƙe biyu masu kaifi, da leda mai kauri, da akwatin ƙanƙara. Ka yi rajistar abin da ka harba ta waya ko intanet kafin ƙarfe 5 na yammar washegari, sannan ka kai kan wurin gwaji, kyauta ne. Ni kowace jaka ina rubuta mata rana da lambar dabbar, kuma uwargida ba ta ɗora ko tsire ɗaya sai sakamako ya fito.