Kurakuran da ake yi wajen sayen ƙaramar amfilifaya mai bawul a Accra

Duk wanda ya fara sha'awar amfilifaya mai bawul, irin mai kwalaben gilas da ke yin jajir kamar na rediyon da, tambayarsa ta farko ita ce wat nawa take bayarwa. Da an ce masa biyar sai ya taɓe baki, tunda ya saba ganin kwali a kasuwa an rubuta 1000. Daga nan ake ɓata hanya, domin sifikar da ke ɗakinka ce ya kamata ka fara dubawa.

A bayan sifika, ko a takardarta, za ka ga lamba kamar 86 dB ko 90 ko 94. Ƙarar da take fitarwa ke nan idan aka ba ta wat ɗaya, aka auna daga nisan mita ɗaya. Duk ƙarin 3 dB sai an ninka wat. Ke nan sifika mai 93 da wat 4 za ta yi ƙarar da mai 87 ba za ta kai ba sai da wat 16. Amfilifaya mai bawul EL84 guda ɗaya a kowane gefe wat 3 zuwa 5 take bayarwa, mai bibbiyu kuma wajen 10 zuwa 15. Ko mai bawul 300B guda ɗaya da ake zuzutawa, mai ɗan karen tsada, wajen wat 8 ne iyakarta. A ɗakin Nima ko Mamobi, inda bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, wat 4 da sifika mai 90 zuwa sama sun wadatar. Ƙananan sifikun nan na fim kuwa galibi suna cin wat fiye da manya, duk da ido zai ce akasin haka. In kuma suna ko biki ka nufa da ita, to ajiye kuɗinka, ba aikinta ba ne.

Sai wuta, wadda a ganina ta fi komai ƙona kaya a garin nan. Wutar Ghana bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Ɗan'uwa zai aiko da kaya daga Bronx ta Amurka, ko a tsinci wata a cikin kayan gwanjo da suka sauka Tema, a canza mata kan filogi kawai a jona, sai hayaƙi. Karanta abin da aka rubuta kusa da inda waya ke shiga. In 120 ko 100 ne, sai da taransfoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar ke ja. In ta Amurka ce, ka kuma sa rai za ta fi ɗumi, domin an yi ta don wuta mai 60 Hz, tamu 50 ce.

Kayan Sin masu araha da yawa bolt 220 aka rubuta musu, mutane na ɗauka ba komai. Zaren da ke ɗumama yawancin bawul bolt 6.3 yake so. Idan wutar unguwa ta haura 240, abin da ke isa gare shi ya kusa 6.9, kuma haka zai yi ta cinye kwanan bawul ba ka sani ba. Nemi wadda aka yi wa 230, ko ka haɗa da sitabilaiza. In an ɗauke wuta ka kashe ta nan take, in an dawo da ita ka ɗan jira tukuna. Ɗaukewa da dawowa a jere ba ya yi wa bawul mai zafi daɗi.

Akwai kuma wata 'yar yaudara. Za ka ga ƙaramin akwati da bawul biyu ƙanana a kai, sau da yawa 6J1, har da shuɗiyar fitila a ƙarƙashinsu, an rubuta wat 50 ko 100. Ɗaga shi. Idan ba nauyi, kuma da ƙaramar adafta yake aiki, to guntun lantarki ne a ciki ke tura sifika, bawul ɗin share fage kawai yake yi. Ba laifi ba ne a saye shi, wasu ma suna da daɗin ji, amma kada a biya kuɗin doki a tafi da jaki. Ta gasken tana da taransfoma uku, ɗaya ta wuta, biyu na fitar da sauti, kuma a can yawancin kuɗin da ingancin suke. Taransfoma ƙarama, ganga ba za ta fito da kauri ba.

Kada ka kunna ta ba sifika a jone, ko a shago ne ana gwaji. Amfilifayar taransista tana jure haka, wannan kuwa taransfomarta na iya lalacewa. Dubi lambar om (Ω) da aka rubuta wa sifika, 4 ko 8, ka jona a ramin da ya dace.

Bawul kayan ƙarewa ne, don haka zaɓi wanda har yau ake ƙerawa: EL84, 6V6, EL34, da 12AX7 wanda Turai ke kira ECC83. Kamfanin JJ na yin su a Slovakia, ana kuma yi a Rasha da Sin. 6P14 na Sin yana zama a gurbin EL84, amma 6P1 ba ya zama, duk da kamannin suna. In za ka yi oda, haɗa da na canji tun farko. Kafin ka biya ma, leƙa Zongo Lane wajen masu kayan gyaran lantarki, ka tambayi dattijon mai gyara: "Baba, ka taɓa gyara irin wannan?" Amsarsa za ta nuna maka ko kana da wurin zuwa ranar da ta yi shiru.

Kai dai kada ka buɗe cikinta. Akwai bolt 250 zuwa sama a ciki, kuma kafasita, abin da ke tara wuta a ciki, na riƙe wutar bayan an zare filogi. Sa ta inda iska ke ratsawa, nesa da labule da hannun yara, kar uwargida ta lulluɓa mata ƙyalle don ƙura tana da zafi. Masu tsofaffin faya-fayen hailaif kuma su tambaya ko tana da mashigar garmaho, don yawancin masu arahar ba su da ita, sai an sayi ƙaramin akwatinta daban.