Yadda ake kula da bindigar farauta da harsasanta a Kumasi

Wani matashi ya tare ni bayan sallar La'asar a unguwar Aboabo, ya ce: "Baba, ka koya mini yadda ake sake cika kwanson harsashi a gida, harsashi ya yi tsada." Na ce masa a'a. Dokar makamai ta Ghana ta 1972 ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin gwamnati ba, kuma albarushi ba abin wasa ba ne a gidan haya mai cike da yara. Abin da zan iya koya masa shi ne yadda bindiga da harsashin da ya saya da halalinsa za su daɗe ba su lalace ba, domin a garin nan laima ce ke cinye kuɗin maharbi.

Da farko, takarda. Bindigarka ta kasance da rajista a wurin 'yan sanda, kana sabunta lasisi kowace shekara. Harsashi kuma a wurin dillali mai izini za ka saya.

Na biyu, wanki. Duk ranar da ka dawo daga daji, ka karya bindigar, wato ka buɗe ta ta wajen da harsashi ke shiga, ka leƙa da idonka cewa babu komai a ciki, ko da ka tabbata kai ka cire. Sannan ka raba bututun da ƙotar. Ka ɗaura tsumma mai tsabta a kan sandar wanki, ka ɗiga masa man bindiga, ka tura daga wajen da harsashi ke shiga zuwa baki. Ka yi ta sauya tsumma har ya fito fari. Daga nan ka bi da busasshe, ka ƙare da mai ɗan kaɗan. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: suna malala mai kamar za su soya ƙosai, sai ya tara ƙura, ya gangara cikin katako ya ruɓar da shi. Manja da man gyaɗa kuwa kada su kusanci bindiga, daskarewa suke yi su zama danƙo. Ka goge bayan ƙarfen ma, gumin hannu kaɗai ya isa ya kawo tsatsa cikin kwana kaɗan, musamman a babbar damina.

Na uku, ajiya. Bindiga a akwati mai kwaɗo, ba harsashi a cikinta, makulli a jikinka. Harsasai a wani akwatin dabam, nesa da murhu, kuma ba a ƙasa ba, saboda siminti yana tsotso sanyi. Ƙananan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka tara su ka jefa ciki. Harsashin da ya kumbura, ko gindinsa ya yi tsatsa, ya tashi daga aiki.

Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba hukumar namun daji tana rufe farauta, in ban da gyazbi, wanda Asante ke kira akrantie, shi ma sai da izini. Wata huɗu ke nan bindiga tana kwance. Ka riƙa fito da ita kowane wata kana shafawa. Kafin fitarka ta farko kuma ka ɗaga bututun wajen haske ka duba, domin zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a ciki, bututu a toshe kuwa fashewa yake yi a hannun mai shi.

Na ƙarshe, ka karanta lambar da aka buga a jikin bututu ka haɗa da ta kwalin harsashi. Harsashi mai lamba 20, da yake ya fi siranta, yana zurmawa cikin bindiga mai lamba 12 ya maƙale a gaba, in aka ɗora wani a bayansa sai dai Allah ya kiyaye. Haka mai tsawon milimita 76 bai dace da bindigar da aka yi don 70 ba. In ka ja kunama bai tashi ba, kada ka yi gaggawar buɗewa: ka bar bakin yana kallon inda ba kowa, ka ƙirga talatin, sannan ka karya ka cire shi.