Darasi na Tara: Natsuwa da Tausaya wa Kai Idan Damuwa Ta Yi Nauyi

Ciwon damuwa ciwo ne na gaske. Ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bayaninta na 2023 mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi, kuma ya fi kama mata a kan maza. Masu ciki da masu jego suna cikin waɗanda ya fi addaba.

Kowa yana baƙin ciki idan an yi masa rasuwa ko ya yi asara. Ko Annabi Yakubu (AS) sai da idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusuf, kuma ba wanda zai ce imaninsa ya gaza. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa shi ne idan nauyin ya zauna kusan kullum har mako biyu ko fiye. Barci ya ƙi zuwa, ko ya yi yawa. Abinci ya daina daɗi. Mai son zuwa biki ta daina fita, mai zama majalisa ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Da yawa ba sa cewa "ina cikin damuwa". Sai dai su ce kai yana musu nauyi, jiki ba ƙarfi, ko tunani ya yi musu yawa.

Wannan tunanin shi ne babban abin da za mu yi aiki a kansa yau. Mai damuwa yakan kwana yana saƙa da warwara: "Ni ba ni da amfani. Na zama kaya a wuyan mutane. Da ma ban yi kaza ba." Yana maimaitawa har ya ɗauka gaskiya ce.

Aiki na farko: dawo da hankali inda kake

A shekarar 1979 wani masani a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya fara koya wa marasa lafiya yadda za su tsayar da hankalinsu a kan abin da ke faruwa yanzu. Daga baya wasu masana uku, Segal da Williams da Teasdale, suka tsara darasi na mako takwas domin masu ciwon damuwa. Bincike ya nuna yana rage dawowar ciwon ga waɗanda ya sha kamawa. Aikin da za mu gwada a nan ba ya buƙatar kuɗi, kuma ba ya karo da addinin kowa.

Ku gwada yanzu a cikin aji. Ku ajiye biro, ku zauna daidai, tafin ƙafa a ƙasa. Ku ja numfashi ta hanci a hankali, ku lura da yadda ciki ke tashi. Ku sake shi. Ba za a jima ba hankali zai gudu, ya tafi wajen bashin da ake bin ku ko maganar da aka faɗa muku jiya. Wannan ba kuskure ba ne, haka zuciyar kowa take. Idan kun lura ya tafi, ku dawo da shi kan numfashi ba tare da faɗa ba. Dawowar ita ce aikin. Minti uku ya isa a farko.

A gida ma ba sai an ware wani wuri ba. Mace tana tsintar shinkafa a tire, sai ta bar hankalinta a kan yatsunta: santsin ƙwayar, tsakuwar da ta cire, ƙarar da shinkafar ke yi idan ta tura ta gefe. Mai alwala ya ji sanyin ruwan a hannunsa, a fuskarsa, a tsakanin yatsun ƙafarsa, maimakon ya gama bai san ya yi ba. Idan mugun tunani ya zo, kada ku yi kokawa da shi. Ku ce a zuci, "Ga tunanin nan ya sake zuwa." Akwai bambanci tsakanin "ni ba ni da amfani" da "ina tunanin ba ni da amfani". Na biyun yana ba mutum ɗan fili ya numfasa.

Aiki na biyu: yi wa kanka magana mai taushi

Wannan ya fi wuya, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da haƙuri da kawaici, abubuwa ne masu kyau. Amma wasu sun mayar da haƙuri ya zama zagin kai a ɓoye.

Ku ɗauka ƙanwarku ce ta zo tana kuka, ta ce, "Yaya, yau ko shara na kasa yi, yara ma sai maƙwabciya ce ta ba su abinci." Me za ku ce mata? Babu mai cewa "ke dai raguwa ce". Cewa za ku yi, "Sannu ƙanwata, ba ki da lafiya ne. Zauna ki sha ruwa, gobe ma rana ce." To, wannan maganar ita za ku koya faɗa wa kanku. Ku ɗora hannu a ƙirji ku ce: "Wannan lokaci ne mai wuya. Ba ni kaɗai ke shiga irinsa ba. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya." Tausaya wa kai ba shagwaɓa ba ce. Wanda ya daina zagin kansa ya fi samun ƙarfin tashi ya yi wanka, ya fita ya gaisa da mutane, ko ya yi ƙaramin aiki ɗaya.

Lokacin zuwa asibiti

Waɗannan ayyuka taimako ne, ba su maye gurbin likita ba. Idan mako biyu ya wuce babu sauƙi, a je asibiti mafi kusa a yi bayani filla-filla. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Addu'a da magani suna tafiya tare. Kada a nemi sauƙi a wajen tiramol ko kodin, ƙara dagula al'amarin suke yi. Wanda ya ji zuciyarsa tana raya masa ya kashe kansa, ya gaya wa wani amintacce a ranar, a kai shi asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Aikin gida

Ku yi numfashin minti uku kullum bayan sallar asuba ko kafin barci. A littafinku, ku rubuta jimla ɗaya mai zafi da kuka saba faɗa wa kanku. A ƙarƙashinta ku rubuta abin da za ku faɗa wa ƙaninku ko ƙanwarku da a ce shi ne ya faɗi haka. Wanda ya ga dama ya karanta mana nasa a zama na gaba. Wanda bai so ba, ba za a tilasta masa ba.