Lafiyar Matasa: Kurakuran da Aka Fi Yi a Gida da Yadda Ake Gyara Su

Yaro ɗan shekara 15 da ba ya tashi da safe sai an kira shi sau biyar, malalaci ake ce masa. Yarinyar da ke haki idan ta hau bene, a ce son jiki ne. Wanda ya koma yawan fushi da rufe ƙofa, a ce ya fara jin kansa. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa jiki ne ke magana, manya suka ɗauka hali ne, shi ya sa faɗan ba ya magani.

Barci: tura shi gado da wuri ba ya isa

Daga shekara 13 zuwa 18, mutum na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 kowane dare. Matsalar ita ce da balaga ta zo, sinadarin melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki don sanar da jiki dare ya yi, yakan jinkirta da kusan awa biyu. Yaron da a da barci ke sace shi ƙarfe 9, yanzu idonsa biyu har 11. Idan zai tashi ƙarfe 6 don makaranta, awa 7 ke nan, kuma bashin yana taruwa kullum.

Kuskuren iyaye shi ne kora shi ɗaki ƙarfe 9 da tsawa. Zai kwanta, barci ba zai zo ba, sai ya jawo waya daga ƙarƙashin matashin kai. Kuskuren matashin kuma shi ne rama barci a ranakun hutu har rana ta take. Wannan yana ƙara tura agogon jikinsa baya, daren komawa makaranta ya kasa runtsawa.

Daga safiya ake kama gyaran. A tsayar da lokacin tashi, kada na ranar hutu ya wuce na ranar makaranta da fiye da awa ɗaya ko biyu. Da ya tashi ya fita cikin hasken rana, domin hasken safe ne ke saita agogon jiki. Lokacin kwanciya kuma a riƙa jawo shi da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku, ba a tsallaka awa biyu a dare ɗaya. Waya ta kwana tana caji a wajen ɗaki, a ajiye ta awa ɗaya kafin a kwanta. Wannan doka ba ta ɗorewa idan uba na kwance da tasa a hannu. Barcin rana kada ya wuce minti 30.

Sai kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, shayi da lemun ƙara kuzari. Bayan kusan awa 5 da sha, rabinsa na nan a jini. Ƙaramin gwangwanin lemun ƙara kuzari mai mililita 250 yakan ɗauki kimanin miligiram 80, alhali likitocin yara na ba da shawarar kada matashi ya wuce 100 a yini. Wanda ya sha biyu da yamma don ya yi karatun jarrabawa, ya sayar da barcin da zai zaunar masa da karatun a ka.

Gajiyar 'yan mata

Yarinya daga 14 zuwa 18 na buƙatar miligiram 15 na sinadarin ƙarfe a yini, namiji 11, saboda jinin da take zubarwa kowane wata. Ƙarancin jini ba ya shigowa da hayaniya. Jiri idan ta miƙe, ciwon kai, bugun zuciya, cikin fatar ido ya yi fari, karatu ya daina zama. Wasu har sukan ji sha'awar tauna ƙanƙara ko ƙasa.

Kuskure na farko, sayen maganin ƙarin jini na ruwa ba tare da gwaji ba. Gwajin haemogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ɗan jini kaɗan yake buƙata, kuma ƙasa da giram 12 a kowace desilita ƙarancin jini ne ga budurwa. Gwajin na da muhimmanci don ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba. Mai sikila, misali, ba a ɗora shi kan ƙwayar ƙarfe sai da izinin likita. Na biyu, haɗiyar ƙwayar da shayi ko madara, waɗanda ke hana hanji tsotse ta. A sha da ruwa ko ruwan lemun zaƙi, a bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninta da shayi. Na uku, dainawa da an ji sauƙi. Bayan jinin ya dawo daidai ana ci gaba kimanin wata 3 don rumbun jiki ya cika. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Idan ciki ya ɗaure ko tashin zuciya ya dame ta, a koma wa likita ya sauya yadda ake sha, kada a jefar da maganin.

Akwai kuma tushen da kunya ke rufewa. Al'adar da ta wuce kwana 7, ko ake sauya auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ake ganin manyan gudaji, ta wuce ƙima. A shekarun farko, tazarar kwana 21 zuwa 45 tsakanin wata da wata ba matsala ba ce. Amma ciwon marar da ke hana zuwa makaranta duk wata bai kamata a ce "haka mata suke" ba. Kuma wadda ta kai 15 ba ta fara ba, a kai ta a duba.

Kurajen fuska

Ba datti ne ke kawo su ba. Sinadaran balaga ne ke ƙara maiƙon fata, ƙofofin gashi su toshe. Don haka dirzar fuska da soso sau biyar a yini sai dai ya ƙara kumburi. Wanki sau biyu da sabulu mai laushi ya wadatar. Matsewa kuma ita ce ke barin baƙin tabon da kan yi watanni bai tafi ba.

Mafi muni shi ne man da ke ɗauke da sitiroyid, wato maganin rage kumburi mai ƙarfi irin su kilobetasol da betametason, waɗanda ake zubawa cikin mayukan bilicin. Makon farko fuska ta yi sumul, yarinya ta ce ta dace. Bayan nan kurajen su dawo ninki, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, in an daina kuma ta yi zafi da ƙaiƙayi. Man benzoyil feroksayid mai ƙarfin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari shi ne abin farawa: a shafa kaɗan a duk wurin da kurajen ke fitowa, kwana ɗaya a tsallake ɗaya har fata ta saba. Yana cin launin tufafi da rigar matashin kai. Kuma sai an yi sati 6 zuwa 8 kafin a yanke masa hukunci. Masu sauya mai duk sati ba sa ganin amfanin ko ɗaya.

Magungunan da ake sha kai tsaye

Farasitamol na ɓoye cikin magungunan mura da yawa, wanda ya haɗa biyu bai karanta kwali ba yana iya cutar da hantarsa. Asfirin ba a ba ɗan ƙasa da 16 sai likita ya rubuta. Tiramadol da kodin suna kama jiki, kuma tiramadol mai yawa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya riga ya saba, kulle shi a ɗaki don ya daina dare ɗaya kuskure ne; a asibiti ake rage masa sannu a hankali.

Fushin da ba rashin kunya ba ne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ciwon damuwa a jikin matashi sau da yawa ba da kuka yake bayyana ba, da saurin fushi yake zuwa. Abin lura shi ne tsawon lokaci da sauyi. Ranar ɓacin rai kowa na yi. Amma sati 2 ko fiye yana ƙin abokai, ya bar abin da yake so, cin abinci da barci sun sauya, sakamakon makaranta ya faɗi, wannan na buƙatar likita.

"Me ka rasa a gidan nan?" ita ce tambayar da ke rufe bakinsa. Gara a faɗi abin da aka gani: "Na lura kwana biyu ba ka fita wajen abokanka, me ke faruwa?" Sannan a yi shiru a saurara. Matasa sun fi sakin baki idan ana tafiya tare ko ana wani aiki, ba a zaunar da su ido cikin ido ba.

Idan ya ce ya gaji da rayuwa, ko aka ga yanka a hannunsa, ko ya fara rabar da kayansa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna, maganin ƙwari da makamai daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba.